Nomal, kurom ko metal: kaset ɗin da ya dace da kiɗanmu a Tahoua

Mai son naɗar kiɗa a kaset, kafin ya tambayi sunan kamfani, ya fara duba rediyon da ke gabansa. Na daɗe ina naɗar kiɗan biki da na ƴan kokowa a nan Tahoua, na yi aiki da kowane irin zare da hannuna ya kai gare shi, kuma abin da na tabbatar shi ne kaset mai tsada a cikin na'urar da ba ta san shi ba, asarar kuɗi ne kawai.

Tun da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, faɗin zaren bai canza ba, gudunsa ma haka, santimita 4.76 a daƙiƙa. Abin da ya bambanta shi ne garin da aka shafa a jikin zaren, wanda ke riƙe sautin. A kan haka aka kasa shi huɗu, aka rubuta Type I zuwa Type IV a jikin kwalin.

Nomal, wato Type I, garin tsatsar ƙarfe ne, shi ya sa zarensa yake ruwan ƙasa. TDK D da Maxell UR da Sony HF duk ƴan gidan nan ne, kuma su suka cika shagunan masu kwafe waƙoƙi a da. Masu raina shi ba su taɓa naɗar kalangu da shi ba. Ganga in ta buga, nauyinta yakan zauna daram a kansa, ka ji ta har cikin ƙirji, kuma yana jure a ɗaga masa murya ba tare da sautin ya fashe ba. Na naɗi makaɗan ƴan kokowa da shi a tsakiyar fili, ga ihun jama'a ga kirari, ya kwashe duka. Aibinsa ɗaya ne, wannan shuuu da ke kwance ƙarƙashin waƙa. Cikin hayaniyar fili ba ka jin ta, amma da zarar mawaƙi ya yi shiru zai ja numfashi, sai ta bayyana.

A nan ne kurom, Type II, ya sace min zuciya. Zarensa ya fi duhu, kusan baƙi. Asalinsa daga sinadarin kuromiyam ne, daga baya kamfanonin Japan suka samo wata hanya da kobal, suka yi TDK SA da Maxell XLII, waɗanda su ma Type II ne kamarsa. Wani dattijo mai gurmi a unguwarmu ya yarda na naɗe shi da dare a zaurensa, daga shi sai kayan kiɗansa. A kan nomal waƙar ta fito lafiya. A kan kurom kuwa har gogar yatsarsa a jikin tsirkiya ana ji, da ɗan karkarwar da ke ƙarshen muryarsa in ya ja baiti. Da na kunna masa, sai da ya ce in mayar baya ya sake saurare, yana ta sa min albarka, yana kirana ɗansa. Goge ma haka yake, da algaita, duk abin da ke da siririyar murya mai tashi sama. Ga irin wannan kiɗa ban ga na biyun kurom ba, kuma ina jin ciwon yadda muryoyin tsofaffinmu da yawa suka tafi a kan zaren da bai iya riƙe su ba.

Sai dai kurom yana da sharaɗi. Lokacin naɗa, na'ura tana haɗa sautin da wata wuta da kunne ba ya ji, wadda ke shirya zaren ya karɓa, kuma kurom na bukatar wannan wuta fiye da nomal sosai. In rediyonka ba shi da maɓallin da aka rubuta wa CrO2 ko High, kuma ba ya gane kaset da kansa ta ramukan da ke samansa, to zai ba shi wutar nomal. Sakamakon shi ne sauti mai kaifi, marar nauyi, mai fashewa. Yawancin rediyoyin da ke gidajenmu, masu cin batir, haka suke. Su nomal ne abincinsu.

Metal, Type IV, ya shigo kasuwa a 1979. Sautinsa ya fi na kowa ƙarfi da tsabta, ban musa ba, amma ƙananan rediyo ba sa iya naɗa a kansa yadda ya kamata, ba sa ma iya goge abin da ke ciki, sai ka ji tsohuwar waƙa tana leƙowa ƙarƙashin sabuwa. Type III kuwa bai yi tsawon rai ba, ba sai mun tsaya kansa ba.

Akwai abin da takardun kamfani ba sa faɗa, domin ba a Adar aka rubuta su ba: zafi da ƙura. Tsawon kaset da kaurinsa tafe suke tare. C60 minti 30 ne kowane gefe, C90 minti 45, C120 awa guda, kuma don a cusa zare mai tsawo cikin gida ɗaya dole a sirantar da shi. A zafin Afrilu da Mayu, siririn zare yakan miƙe, murya ta riƙa lanƙwasa, ko ya naɗe a jikin robar da ke jan sa, ka zauna kana warwarewa da bik. Na daina sayen C120 gaba ɗaya. Zafin kuma yana sa sautin wani zagaye ya shiga na kusa da shi, ka ji amsa-kuwwar waƙa tun kafin ta fara. Ƙurar hunturu ita ma tana cin kan da ke karanta zaren, don haka auduga da alkol ba sa rabuwa da teburina, kuma kaset ba ya kwana a waje da kwalinsa.

Yau samun sabon kaset sai da nema. Wanda ke zuwa Yamai yakan iya dacewa da tsohon kaya a hannun masu sayar da kayan rediyo, amma ya buɗe ido, jabu sun yi yawa. A duba saman kaset ɗin: kurom na gaskiya yana da ƙarin rami kusa da ƴar kunnen nan da ake karyawa don hana gogewa, metal kuma yana da wasu biyu a tsakiya. A leƙa ƙasa a ga ko ɗan soson da ke tokare zaren yana nan, don a tsofaffin kaset yakan faɗi. Kamfanin RTM na Faransa yana yin sabon zare har yanzu, nomal ne, Maxell UR ma ana samu.

Ni dai kiɗan biki da na fili nomal C60 nake sa wa. Ƴan kurom ɗin da suka rage min na ajiye su cikin akwati a ɗaki mai sanyi, ba na ɓare ko ɗaya sai in mai gurmi ko mai goge ya ce ya shirya.