Ganin likita ta waya a Amurka, da wanda yake biyan kuɗin

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya tare da iyali. A gaida min Inna da kyau.

Ka tambaye ni ko da gaske ne a nan Amurka mutum yana ganin likita daga ɗakinsa. Gaskiya ne, sai dai ba wata sabuwar na'ura aka ƙirƙiro ba. Waya mai kyamara da intanet suna hannun kowa tun kafin korona. Abin da ya yi ƙaranci a da shi ne wanda zai biya likitan idan ya duba ka ta waya, kuma a ƙasar nan duk aikin asibitin da inshora ba ta biya, to da wuya ka samu mai yi maka shi.

Akwai inshorar gwamnatin tarayya da ake kira Medicare, ta masu shekara 65 zuwa sama da wasu masu naƙasa. Kafin 2020 galibi takan biya kuɗin ganin likita ta bidiyo ne kawai idan mara lafiya mazaunin karkara ne, kuma ko shi ɗin sai ya tashi ya je wani asibiti ko ƙaramar cibiyar lafiya an haɗa shi da likitan daga can. Tsohuwar da ke cikin birni, wadda ƙafa ta hana ta saukowa daga bene, dokar ba ta san da zamanta ba.

Da annoba ta shigo, kafin ka ce kwabo an kwance duk wannan. A ranar 6 ga Maris 2020 aka sa hannu a dokar da ta ba da damar ɗage sharuɗɗan, ranar 17 ga watan kuma hukumar da ke kula da Medicare ta sanar cewa za ta biya ko ina mara lafiya yake, har cikin gidansa, kuma daidai da kuɗin da take biya idan an zo asibiti. Ma'aikatar lafiya ta ce ba za ta hukunta likitan da ya yi amfani da FaceTime ko Skype ko Zoom ba, alhali a da dokar sirrin mara lafiya ta tsaurara a kan haka. Daga baya aka ƙara kuɗin kiran murya zalla, saboda tsofaffi da yawa ba su da babbar waya, ko suna da ita ba su iya sarrafa ta ba. Jihohi da dama su ma sun sassauta maganar lasisi, domin a nan kowace jiha da nata, likitan wannan jiha ba ya duba mutumin waccan haka kawai. Rahoton ma'aikatar lafiya ya nuna ganin likita daga nesa a tsarin Medicare na asali ya tashi daga wajen 840,000 a 2019 zuwa miliyan 52.7 a 2020.

Ka san aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, don haka a gabana aka yi. Akwai wata dattijuwa mai hawan jini da ciwon suga da nake zuwa wurinta. Idan lokacin ganin likitanta ya yi, tun da sauran minti goma nake auna mata jini da suga, in maƙala mata ɗan abin auna iskar jini a yatsa, in rubuta komai a takarda. Sai in jingina wayar a jikin kofi a kan tebur. Likita ya fito, ya gaishe ta, in karanto masa lambobin. Wata rana ya ce in kai kyamara kan ƙafarta in danna idon sawun da yatsa. Na danna, wurin ya lotsa, ya ɗan jima bai dawo ba. Nan take ya sauya mata magani, ya aika takardar kai tsaye zuwa kantin magani ta kwamfuta, da yamma aka kawo har ƙofa, ya kuma sa a zo a ɗebi jininta. Matar nan ba ta shiga mota ba, ba ta zauna a layi kusa da mai tari ba, a lokacin da tari ɗaya yana iya zama ajalin mai irin shekarunta.

Abin da ya riƙa zuwa min a rai shi ne, mu a gida Najeriya ai mun daɗe muna wannan. Kai kanka da kake aikin asibiti, sau nawa ake buga maka waya da tsakar dare a ce yaro jikinsa ya yi zafi, ko a turo maka hoton ƙurji ta WhatsApp? Bambancin shi ne naka alfarma ce. Babu mai biyanka, babu inda aka rubuta abin da ka faɗa, kuma wanda bai san ma'aikacin asibiti ba, ko ba shi da ɗan uwa da ya san wani, ya rasa. A nan kiran yana shiga fayil ɗin mara lafiya kamar kowace ziyara, likitan da zai gan shi gobe zai karanta, idan an yi kuskure kuma akwai wanda za a tuhuma. A gida kuwa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshora ga kowa, kuma ni a ganina ranar da inshorar ta fara biyan ma'aikaci irinka kuɗin kiran waya, ranar ce za a ce an fara wannan tsari da gaske.

Maganar tallafin ma'aikatan lafiya lokacin korona kuma, a nan ne raina bai kwanta ba. An zuba kuɗi, wannan babu musu. Dokar agajin korona da ake kira CARES ta 27 ga Maris 2020 ta ware dala biliyan 100 don asibitoci da likitoci, daga baya asusun ya kai biliyan 178. An ba hukumar sadarwa dala miliyan 200 don ta taimaka wa asibitoci sayen kayan duba mutane daga nesa. Dalilin kuwa a fili yake: an dakatar da tiyatar da ba ta gaggawa ba, mutane suna tsoron zuwa asibiti, kuɗin shiga ya faɗi, ƙananan asibitoci suna gab da rufewa. Amma kason farko, dala biliyan 30, an raba shi ne gwargwadon abin da kowane asibiti ya karɓa daga Medicare a shekarar da ta gabata, rabo na gaba kuma aka duba yawan kuɗin shigarsa. Ka ga mai ƙarfi shi ya fi samu, asibitin unguwar talakawa ya jira wani zagayen. Mu da muke shiga gida-gida kuwa, mu ne a can ƙarshen layi. A makonnin farko takunkumin fuska ɗaya nake lallaɓawa kwanaki, ina ajiye shi a jakar takarda, domin wurin da nake wa aiki bai ba mu isasshe ba. Na tuna lokacin da likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki a gida a watan Yunin 2020 a kan kayan kariya da alawus ɗin haɗari. Wallahi kukan nasu bai yi min baƙo ba, abin da muke faɗa a nan ke nan.

Akwai kuma gajiyar da kuɗi ba ya magancewa. Wata likitar sashen gaggawa a New York, Dakta Lorna Breen, ta kashe kanta a watan Afrilun 2020 bayan ta yi ta fama da cunkoson marasa lafiya, ita ma ta kamu da cutar. Sai a watan Maris 2022 aka sa hannu a doka mai ɗauke da sunanta don kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan asibiti.

Kada ka ɗauka waya tana yin komai. Ba a taɓa ciki ta kyamara, ba a sauraren ƙirji. Wanda ba shi da intanet mai ƙarfi, ko ba ya jin Turanci sai an sako tafinta a layi, ko kunnensa ya yi nauyi, yana shan wahala, kuma galibi irinsu ne suka fi buƙatar likitan. Miliyoyin da ba su da inshora kwata-kwata kuwa, wannan sassauci na Medicare bai shafe su ba.

Dokar ta-ɓacin lafiya da aka kafa saboda korona ta ƙare a ranar 11 ga Mayu 2023. Ganin likitan ƙwaƙwalwa daga gida an mayar da shi na dindindin a Medicare. Sauran sassaucin kuwa majalisa ta tsawaita shi zuwa ƙarshen 2024, daga nan a 2025 ta riƙa ƙara 'yan watanni lokaci bayan lokaci. A lokacin, duk sanda wa'adi ya matso, sai asibitoci su fara gargaɗin mutane cewa mai yiwuwa ziyara ta gaba sai an zo da ƙafa, tsofaffin da nake kula da su kuma su shiga lissafin wanda zai ɗauke su a mota.

Ƙanwarka.