Littafi, WhatsApp ko Confluence: ina za a ajiye darasin aikin jirgi?

Wani ƙanena da ya fara gyaran jirgi a filin jirgin Ankara, babban birnin Ghana, ya same ni a unguwar Nima bayan isha'i, wai ogansu ya ce su nemo inda za su riƙa rubuta kurakuran ayyukan baya, yaya me za mu saya? Na ce zauna tukuna.

Littafi mai kauri shi ya fi araha, ka shiga kasuwar Makola ka sayo, ba ruwanka da dumsor (ɗauke wutar lantarki) ko data. Amma fa kwafi ɗaya ne, makaniken dare ba zai tsaya buɗe shafi ɗari ba ana jiran jirgi ya tashi da asuba, kuma kowa ya san rubutun hannun kowa. Guruf ɗin WhatsApp kam a'a, yau darasi gobe katin biki da barka da Juma'a sun binne shi.

Google Drive na ba da 15GB kyauta, Confluence, manhajar da ma'aikata ke ajiye rubuce-rubucen aiki tare, ma kyauta ne har mutum 10, in kun wuce haka sai biyan dala duk wata, kun dai san halin kuɗinmu sidi. Daɗinsu shi ne ka rubuta kalma ɗaya abin ya fito. A 1990 an canza gilashin gaban wani jirgin British Airways cikin dare, mai aikin ya gwada ƙusoshin da ido kawai, ashe 84 cikin 90 sun yi siriri, jirgi na sama gilashi ya fice iska ta fizgi matuƙin rabin jikinsa a waje, abokan aiki suka riƙe ƙafafunsa har aka sauka a Southampton. Irin wannan nake so ya bayyana da zarar yaro ya rubuta "ƙusa" a waya kafin ya ɗauki sufana.

Amma wallahi abin da ya fi damuna suna ne. Wa zai rubuta "na yi kuskure" in ya san gobe oga zai kira shi ofis? Shi ya sa tsarin karɓar rahoton kurakuran harkar jirgin sama na ASRS da hukumar NASA ke gudanarwa a Amurka tun 1976 yake cire sunan mai rahoto kafin a ajiye. Confluence kuwa yana nuna wanda ya rubuta.

Don haka na ce masa tunda su takwas ne su buɗe Google Form su kashe wajen karɓar imel, amsoshi su zuba a Drive, mutum ɗaya mai amana ya riƙa tacewa duk sati. Takardun gyara da ake sa wa hannu suna nan yadda doka ta ce, wannan bai maye gurbinsu ba.