Rinin baba na karofi: da tsada, da jira, amma zan koma

Duk wanda zai kai farin yadi marina a Kano, ya fara tambayar marini: baba ne a karofin nan ko hodar kanti? Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, marinan duniya da yawa suka koma can, don ya fi araha kuma ba ya son jira.

Ni farin saƙi na kai wata marina a cikin birni, zanen da zan ba Hajiyarmu. Da na yi tambayar, dattijon bai ji haushi ba. Ya ce, "Ɗana, matso ka shinshina." Wari ne na abin da ya ruɓa, ga kumfa mai ƙyalli a saman ruwan. Ya tsoma wani ƙyalle ya ɗago, sai ga shi kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a gaban idona. Haka ake yi, tsomawa da ɗagawa, har launin ya kai duhun da kake so.

Ya kuma buɗe min buhun busasshen baba, na ga 'yan ƙananan kwasfa a cikin ganyen. Baba dangin wake ne da gyaɗa, ɗan ƙaramin itace da ba kasafai yake wuce mita 2 ba, ganyensa ƙanana a jere, furensa ja-ja. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa gona ba ta ƙinsa. Yana son ƙasa mai zafi, daga nan Afirka ta Yamma har Indiya da Indonesiya. Ganyen kore ne shar, babu alamar shuɗi a jikinsa sai an jiƙa shi da ruwan toka ya yi kwanaki a karofi. Talaki da Yarbawa ke rina adire da shi wata shuka ce daban, mai hawa bishiya, ko da yake dangi ɗaya ne.

Aiki dai ya yi kyau. Launin ya shiga zaren sosai, da aka kai mabuga aka yi masa bugu sai sheƙi yake. Hajiya ta juya shi ciki da waje, ta ce rabonta da ganin irin wannan tun turkuɗin Kura da ake kai wa Buzaye.

Inda zan ja kunnen mai saye: ranar da aka ce ka dawo, ƙara mata wasu kwanaki, don karofi ba ya bin agogo. Kuɗin ma ya ɗara na rinin kanti nesa ba kusa ba. Sannan launin yana zuba a farkon sawa, har ya shafi fata. A wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, kada a kuskura a haɗa shi da fararen kaya. Rawani nake shirin kai wa dattijon kafin Babbar Sallah.