Ƙaramin littafin tsarin mulkin Gana: ya cancanci kuɗinsa?

Wannan ƙaramin bugu na tsarin mulkin 1992 da ake sayarwa a shagunan littattafai na Accra yana shiga aljihun riga. Babi 26 ne, sashe 299, sai dai rubutun ƙanana ne ƙwarai, dattijo sai da tabarau.

Wajen fahimtar tsarin gwamnati kam ya biya. Babi na 8 na shugaban ƙasa ne, na 10 na majalisa, na 11 na kotuna. Sashe na 78 ma ya ce yawancin ministoci daga cikin 'yan majalisa za a ɗauko su, abin da masu muhawara a majalisar shayi ta unguwar Nima a Accra kan manta.

Kafin ka biya, buɗe sashe na 8. Idan bai yarda mutum ya zama ɗan ƙasa biyu ba, tsohon bugu ne wanda babu gyaran 1996 a ciki, ajiye shi.

Inda ya gaza shi ne ga mawaƙi ko marubuci. Sashe na 18 da na 20 sun kare dukiya ne a dunƙule. Bayanin haƙƙin mallakar fasaha yana cikin doka mai lamba 690 ta 2005, wadda ta kare aiki tsawon ran mai shi da ƙarin shekara 70. Alamar kasuwanci kuwa dokarta daban, mai lamba 664 ta 2004, kuma rajistarta shekara 10 ce, a sabunta. Waɗannan biyun daban ake sayensu.