Kalar ta yi, bokiti na biyu ne ya ɓata min rai

Maganar gaskiya kalar fentin nan da na saya aka yi wa falo ta burge ni. Ruwan ƙasa ce mai haske wadda ta ɗan karkata zuwa ruwan madara, ba ta kashe ido kamar farin fenti, kuma ba ta cinye hasken ɗaki. Da hantsi idan rana ta shigo ta taga falon har wani taushi yake yi a ido, kujerun katako da labule duk sun zauna da ita daram. Da a nan abin ya tsaya, da yabo kawai zan rubuta.

Fentin ya kusa ƙarewa ne ana tsakiyar dogon bangon falo. A jikin bokitin an rubuta lita ɗaya tana shafe murabba'in mita 12, kuma da wannan lissafin aka saya, amma bangon filasta shan fenti yake yi, shafin farko kaɗai ya kwashe fiye da rabi. Na koma wurin mai sayarwa, ya miƙo min wani bokitin, suna ɗaya, lambar kala ɗaya. Mai fenti ya ɗora daga inda ya tsaya. Yana ɗanye ba a ga komai ba. Da ya bushe sai ga layi tun daga silin har ƙasa, gefe ɗaya yana ɗan ja-ja, ɗaya gefen yana rawaya-rawaya. Duk wanda ya shigo, a nan idonsa yake fara sauka.

Mai fentin ne ya juya bokitan ya nuna min ƙananan lambobin da ke ƙasa. Ashe ba haɗi ɗaya ba ne, kowanne lokacin da aka dama shi daban. Irin wannan kalar kuwa ba ta ɓoye bambanci, ɗigon rawaya kaɗan ya ishe ta sauya fuska. Da na kai ƙorafi, amsar da na samu ita ce wai in bari ya ƙara bushewa. Bangon da ya riga ya bushe ƙamas! Wannan amsar ta fi layin kansa ƙona min rai, domin mai sayar da fenti ya san zancen lambar haɗi, kalma ɗaya ce zai faɗa min tun farko. Ƙarshe sai da aka juye ragowar bokitan biyu wuri guda, aka dama sosai, aka sake bin bangon daga kusurwa zuwa kusurwa. Kuɗin aiki ya ƙaru, kaya suka ci gaba da zama a tsakar ɗaki a lulluɓe.

Da dare kuma farin ƙwan lantarki mai 6500K (lambar da ke nuna launin hasken ƙwan) yana mayar da kalar ruwan toka, ta yi fayau. Da aka sa mai 3000K, wanda haskensa yake rawaya-rawaya, ɗuminta ya dawo, wannan ba laifin fentin ba ne.

Har na huce na fara cewa zan sake saya, sai yara suka bar shatin hannu kusa da makunnin fitila. Na goga a hankali da jiƙaƙƙen soso, dattin ya fita, amma wurin ya bar tabo mai sheƙi a kan fentin da ba ya sheƙi, alhali an rubuta yana wankuwa. Kalar zan sake yin ta a ɗakin kwana, amma daga wani kamfanin, kuma sai na ga lambar kowane bokiti da idona kafin in biya.