Vallisneria ko Takobin Amazon: Wanne Zai Dace da Bayan Tankinka?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce tankin kifinka tsawonsa santimita 60 ne, faɗi 30, tsayi 36, fitilarka irin ta kowa ce, ba ka sa wa ruwan iskar kabon (CO2), kuma kana so ka rufe bangon baya da shuka. An nuna maka iri biyu, Vallisneria da Echinodorus, wanda ake wa laƙabi da takobin Amazon, kana son sanin iya girman da kowanne zai kai da wanda ya fi saurin girma. Na reni duka biyun. A tanki mai girman naka Vallisneria zan dasa, amma sai ka lura da nau'in da za ka saya, don akwai wadda za ta fi takobin ba ka wahala.

Fara da auna zurfin ruwan. Gilashin 36 ne, amma yashi zai ci kamar santimita 5, kuma ba za ka cika tankin taf ba, za ka bar 2 ko 3 a sama. Abin da ya rage wa shuka wajen santimita 28 ne. Riƙe wannan lissafin a ranka.

Takobin Amazon a wurin mai sayarwa abin sha'awa ne: ɗan kwando, ganye biyar ko shida, tsawonsa bai fi tafin hannu ba. Wannan ƙuruciyarsa ce kawai. Nau'in da aka fi sayarwa, Echinodorus grisebachii, wanda da yawa suka sani da sunan bleheri, idan ya samu taki yakan kai santimita 40 zuwa 50. Ganyensa duk daga gindi ɗaya suke fitowa, suna buɗewa ta kowace fuska, har faɗin shukar ya kai santimita 30 ko fiye. To ka duba, tankinka daga gilashin baya zuwa na gaba 30 ne kacal. Shukar da ka dasa don ta tsaya a baya, ran da ta cika girma ganyenta zai taɓo gilashin gaba, ta cinye rabin tankin ita kaɗai. Ga shi ganyen yana da tauri, ba ya kwanciya a saman ruwa. In ya kai sama sai dai ya lanƙwashe ko ya leƙo waje, zafin fitila ya busar da bakinsa.

Abin da ido bai gani ba ma ya fi yawa. Na taɓa cire wani takobi da ya shekara a tanki irin naka. Da na kama gindin na ɗaga a hankali, sai na ga yashin can ɗaya kusurwar yana motsi. Saiwoyin farare, wasu sun fi kamu biyu tsawo, sun bi ƙasan gilashin sun saƙa kamar tabarma, sun shiga ƙarƙashin duwatsu da sauran shuke-shuke. Dole na sa almakashi na yanke su a kewayen gindin na bar sauran a ciki, ruwan kuma ya yi kwana biyu a gurɓace. Shuka ce mai kyau ƙwarai, amma wuri take so. A tanki mai tsawon santimita 90 ko 120, da zurfin ruwa 40 zuwa sama, ba ni da abin da zan zaɓa a kanta.

Vallisneria girmanta daban ne. Ganyenta siriri ne, dogo kamar tsiri, mai laushi, kuma gindi ɗaya ba ya cin wuri. Vallisneria spiralis, wadda ita ce aka fi samu, ganyenta yakan kai santimita 40 zuwa 60, wani lokaci ya wuce. A ruwanka mai zurfin 28, ragowar ganyen zai kwanta a saman ruwa ya bi inda matatar ruwa ke tura shi. Kaɗan daga wannan yana da kyau, kifaye masu tsoro ma suna son inuwar. Idan ya yi yawa kuwa, zai tare hasken da shuke-shuken gaba ke buƙata.

Wadda nake gargaɗinka a kanta ita ce babbar, da ake sayarwa da sunan gigantea ko americana. Faɗin ganyenta ya kai yatsa biyu, tsawonsa yakan wuce mita ɗaya, har ya doshi biyu. A tankinka ganye ɗaya zai hau sama, ya ratsa tankin daga wannan gefe zuwa wancan, ya juyo. Tun suna ƙanana da wuya ka bambance su da ido ɗaya, don haka ka duba sunan da ke jikin takardar da aka maƙala wa shukar, ka kuma duba faɗin ganyen. Akwai kuma mai murɗaɗɗen ganye, wadda ake kira biwaensis saboda tafkin Biwa na Japan. Ita ta fi spiralis gajarta, ba ta kai ta saurin yaɗuwa ba, kuma da zan same ta ita zan ɗaukar maka.

Wani abu da ke rikita mutane: sunan spiralis ba daga ganyen ya zo ba, ganyenta miƙaƙƙe ne. Daga sandar furen mace ne. Sandar kan miƙe har saman ruwa, furen namiji ya tsinke daga ƙasa ya taso yana yawo har ya same ta, bayan nan sai sandar ta nannaɗe ta ja 'ya'yan zuwa ƙarƙashin ruwa. Sunan Vallisneria kuwa, masanin tsirrai Linnaeus ne ya tabbatar da shi a 1753, don girmama masanin halittu ɗan Italiya, Antonio Vallisneri. Ran da ka ga wani siririn zare fari-fari ya miƙe daga gindin zuwa sama, kada ka tsinke shi, furen ke nan.

Batun sauri kuwa, a watan farko duka biyun za su iya ba ka tsoro. Masu renon takobin Amazon galibi a wajen ruwa suke renonsa, saiwa a jiƙe, ganye a iska, don ya fi saurin girma haka. Shi ya sa ganyen da ka saya da shi yake da ɗan zagaye da doguwar sanda. Da ka nutsar da shi, waɗannan ganyen za su fara rawaya, su yi shara-shara, su mutu ɗaya bayan ɗaya. Shukar ba ta mutu ba. Leƙa tsakiyar gindin, za ka ga sabon ganye siriri, kore shar, a naɗe yana fitowa. Wannan shi ne ganyen cikin ruwa. Bayan ya kama ƙasa, yakan ba ka kusan ganye ɗaya a mako, kowane sabo ya ɗara na baya tsawo, kuma sai an yi watanni kafin ya cika girma. Shi ya sa mutane ke ruɗuwa: wata uku na farko sai ka ce ya dace da tankin, sai daga baya ya nuna ainihin girmansa.

Ita ma Vallisneria takan narke kaɗan bayan dashe, ta yi makonni biyu ko uku kamar ba ta motsi. Saiwa take kafawa. Daga nan sai ta fara yaɗo: wata farar jijiya ta fito daga gindin, ta bi saman yashi ko ƙarƙashinsa, ta tsirar da ɗa a ɗan nesa kaɗan, shi ma ɗan ya miƙa tasa jijiyar. Haka za su yi ta jeruwa. Gindi biyar ko shida sun isa su rufe bangon santimita 60 cikin wata biyu zuwa uku idan ruwan ya karɓe ta. Ta fi takobin sauri nesa ba kusa ba, kuma ba ta san iyaka ba. Wata rana za ka tashi ka ga ɗa ya ɓullo a gaban tanki, manne da gilashi.

Amma ga inda ta fi sauƙi: ana iya rage ta. Ka yanke jijiyar da almakashi, ka zare ɗan, saiwarsa gajeriya ce, yashi ba ya tashi. Ganyen da ya yi tsawo, gara ka cire shi daga gindi a kan ka datse shi a tsakiya, don bakin da aka datse yakan yi ruwan ƙasa ya fara ruɓewa. Takobin kuwa ba ka da yadda za ka gajarta shi. Iyakarka ka cire tsofaffin ganyen waje, sababbin kuma su fito da tsawonsu.

Girman da duk na ambata ya dogara ga ci. Dukansu ta saiwa suka fi ci, amma takobin ya fi haɗama. A yashi ko tsakuwa zalla, in ba ka cusa masa ƙwayar taki a gindi duk bayan wata biyu ko uku ba, zai tsaya a tsumbure, sabon ganye ya riƙa fitowa fari-fari saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe. Kada ka ce za ka hana shi taki don ya tsaya ƙarami. Ba ƙarami zai zama ba, maras lafiya zai zama, gansakuka ta hau ganyen. Vallisneria ta fi haƙuri, musamman a ruwa mai yawan ma'adinai, irin wanda ke barin farin tabo a jikin gilashi, domin tana iya ciro kabon ɗin da take buƙata daga sinadarin bayikabonet da ke narke a cikinsa. Wannan ya sa rashin CO2 ba zai dame ta ba. A ruwa mai tsami da ƙarancin ma'adinai takan yi nawa. Kuma ka kiyaye ta da ruwan kabon na kwalba da ake ɗigawa a tanki, wanda ke ɗauke da sinadarin gulutaraldehayid: yakan narkar da ganyenta cikin 'yan kwanaki. Zafin ruwa daga digiri 22 zuwa 28 ya yi wa duka biyun.

Don haka sayi gindi biyar ko shida na spiralis ko mai murɗaɗɗen ganyen, ka jera su a baya da tazarar yatsa uku. Saiwar kawai za ka binne, farin wuyan da ganye ke fitowa daga gare shi ya tsaya a saman yashi, in ka binne shi ruɓewa zai yi. Idan kana so ta tsaya a layinta, kafa siririn faifan roba cikin yashin a gabanta, zai tare yawancin jijiyoyin. In kuma ranka na kan faffaɗan ganyen takobi, nemi ƙaramin nau'in da ake kira parviflorus, wanda ke tsayawa wajen santimita 20 zuwa 25, ka dasa guda ɗaya a kusurwa, da ƙwayar taki ɗaya a ƙarƙashinsa.