Ruwan inabi mai kumfa ko giyar inabi da aka zare wa barasa: ina bambancin?

Malama, tambayarki ita ce kin ga kwalabe biyu a jere, kowace da toshiya ɗaure da waya, kowace an rubuta mata babu barasa, amma ɗaya ta fi ɗaya tsada nesa ba kusa ba. Shin abu ɗaya ne aka sauya wa riga, kuma wanne ya kamata ki ɗauka?

Ba abu ɗaya ba ne. Ɗayan bai taɓa zama giya ba. Ɗayan kuwa sai da ya tsimu ya zama giya cikakkiya, sannan aka bi shi da inji aka zare barasar. Ɗanɗano, zaƙi, tsada, har da abin da doka ta yarda a rubuta a jikin kwalbar, duk daga nan suka rabu.

Ruwan inabi shi ne mai sauƙin bayani. A matse inabi, a tace, a ɗumama shi yadda zafin zai kashe yis ɗin da ke tare da ruwan tun bai soma cin sukari ba. Wani likitan haƙori mai suna Thomas Welch ne ya yi fice da wannan dabara a garin Vineland na jihar New Jersey a Amurka a 1869, da nufin cocinsa ta samu abin sha marar barasa wurin ibada, kuma da inabin Concord ya yi ta. Kumfar da kike gani iskar gas ce aka ɗura, irin ta lemon kwalba. Tunda yis bai taɓa shi ba, duk sukarin inabin yana nan daram, wajen giram 150 ko fiye a lita guda. Coca-Cola ma giram 106 ne a lita. Shi ya sa kofin farko yake da daɗi, na biyu kuma ya soma gundurar mutum.

Giyar da aka zare wa barasa kuwa hanyarta doguwa ce. Ana barin yis ya cinye sukarin, kusan kowane giram 17 a lita yana ba da kashi 1 cikin 100 na barasa, har abin ya kai kashi 12 ko 13. A wannan tsimuwar ce ake samun ƙamshi da tsamin da babu su a ɗanyen ruwan inabi. Daga nan sai aikin cirewa. Barasa tana tafasa a digiri 78, ruwa kuma a 100, to da ka ce a dafa kawai ta fice. Sai dai idan aka dafa a wannan zafin ƙamshin duk ya ƙone, abin ya koma kamar dafaffen ’ya’yan itace. Abin da ake yi shi ne a zuƙe iskar da ke cikin tukunyar, sai barasar ta tashi a zafin da bai fi digiri 30 da ’yan kai ba. Wani Bajamushe mai suna Carl Jung na garin Rüdesheim, a bakin kogin Rhine, ya yi wa wannan hanya rajista a 1908.  Akwai wani injin da aka ƙirƙiro a Ostireliya, doguwar hasumiya mai faranta masu siffar mazurari suna juyawa a ciki. Zagayen farko ya kwashe ƙamshin a ajiye gefe, na biyu ya kwashe barasar, sannan a mayar da ƙamshin. Wasu kuma rariya mai matuƙar ƙananan ƙofofi suke tura giyar ta ciki da ƙarfi. Kin ga an yi aikin giya gaba ɗaya, an ƙara aikin inji a kai, kuma ruwan ya ragu. Ga dalilin tsadar nan.

Inda abin yake da wuya shi ne baki. Barasa ba maye kaɗai take kawowa ba, ita ce ke ba giya nauyi da ɗumi da ɗan zaƙi-zaƙi. Da an zare ta sai abin ya tsinke, tsamin ya fito fili. Don haka kusan duk masu yin ta sukan mayar da ɗan ruwan inabi mai kauri domin cike gurbin, kuma galibi sai ki tarar da sukari giram 20 zuwa 50 a lita. Ya yi ƙasa ƙwarai da na ruwan inabi, amma ya ninka na giyar da ake kira busasshiya, wato marar zaƙi, wadda a ƙa’idar Turai kusan giram 4 ce iyakarta.

Irin inabin yana da tasiri fiye da yadda mutane ke zato. Farare masu ƙamshi tun daga itace, irin su Muscat, Riesling, Gewürztraminer da Sauvignon Blanc, su ne ke jure wa injin, don ko an rasa wani abu akwai saura. Ba banza ba kamfanin Torres na Sifaniya ya fara giyarsa marar barasa mai suna Natureo a 2008 da Muscat, gidan Leitz na yankin Rheingau a Jamus kuma ya yi suna da Riesling. Mai kumfa ta fi kowacce dacewa, saboda cizon da iskar ke yi a harshe yana rufe gurbin barasar. Ja kuwa, a ganina, har yanzu da sauran aiki. Jar giya irin ta Cabernet Sauvignon tana da bauri daga fata da ƙwallon inabin, kuma barasa ce ke lulluɓe shi. Idan ta tafi sai bauri da tsami su tsaya tsirara, a bi su da sukari, ki ji abubuwa uku a baki kowanne yana harkar gabansa. A ɓangaren ruwan inabi lissafin daban ne. Concord yana da wani ƙamshi mai ƙarfi da masu giyar Turai ba sa so sam, amma shi ne ƙamshin da yawancin mutane suka sani da sunan “ɗanɗanon inabi” a alewa.

Yanzu ga takardar jikin kwalba, kuma nan ne nake so ki fi sa ido. “Babu barasa” ba ma’ana ɗaya yake da ita a ko’ina ba. A dokar Tarayyar Turai ta Disamba 2021, wadda aka rubuta wa “dealcoholised” ko “désalcoolisé” tana iya ɗauke da barasa har kashi 0.5. A jagorar Ingila kuwa, sai abin bai wuce 0.05 ba ake kiransa “alcohol free”. Masu rubuta 0.0 galibi wannan ƙaramin adadin suke nufi. Ki kiyayi wadda aka ce an rage mata barasa kawai, “partially dealcoholised”, don wannan giya ce har yanzu, tana iya kai kashi 6 ko 8. Idan kina son ki ga girman 0.5 ɗin a zahiri: kwalba mai mililita 750 tana da mililita 3.75 na barasa, wato rubu’in abin da ke cikin ƙaramin kofi guda na giya mai kashi 12. Shi kansa ruwan inabi yakan ɗauki ɗan ɓurɓushi, musamman idan ya kwana a buɗe. Hanya mafi tabbas ita ce ki juya kwalbar ki karanta jerin kayan haɗi. Idan na farko ruwan inabi ne, to ruwan inabi ne komai ƙyalƙyalin kwalbar. Idan giya ce da aka zare wa barasa, za a rubuta. Dokar Turai da ta fara aiki ranar 8 ga Disamba 2023 ta tilasta wa masu giya bayyana kayan haɗi, ko da ta lambar QR ce.

Dalilin da ya sa waɗannan kwalabe suka yawaita kwanan nan kuwa, kasuwar giyar ce ke ja da baya. Hukumar OIV mai kula da harkar inabi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 an sha kimanin lita biliyan 21.4, mafi ƙaranci tun 1961. A 2023 Faransa ta ware kuɗi don a mayar da rarar giya barasar masana’antu, a yankin Bordeaux kuma an biya manoma su tumɓuke dubban hekta na kuringar inabi. Mai gonar da giyarsa ta yi kwantai dole ya nemi wanda ba ya sha ya zama mai sayensa. Har Moët Hennessy, masu shampen, sun sayi hannun jari a French Bloom a 2024, kamfanin da marar barasa kaɗai yake yi.

To wanne za ki ɗauka? Ya danganta da dalilinki na guje wa barasa. Idan dalilin addini ne, maganar ba ta tsaya ga yawan kashi ba, ta haɗa da asalin abin, tunda wadda aka zare wa barasa ta taɓa zama giya. Hukumomin da ke ba da shaidar halal ba su haɗu a matsaya ɗaya a kan wannan ba, wasu suna bayarwa wasu sun ƙi, don haka ruwan inabi ne ba shi da wannan taƙaddamar. Mai juna biyu, da yara, da wanda ke fama da barin shaye-shaye, ni ruwan inabi zan miƙa musu, don ƙamshin giya kaɗai yana iya tayar wa mai barin sha da tsohon ƙwaɗayi. Idan kuma damuwarki sukari ce, ko kina son abin da zai tafi da abinci ba tare da ya danne shi da zaƙi ba, to wadda aka zare wa barasa, fara ko mai kumfa, daga Riesling ko Muscat ta fi. Ja ki bar ta tukuna.

Ko wanne kika saya, kada ki ajiye shi da zaton zai ƙara kyau da shekaru. Barasa ce ke tsare giya daga lalacewa, waɗannan kuwa ba su da ita, shi ya sa ake buga musu ranar ƙarewa. Ki sha da sanyi, in kin buɗe ki sa a firji, ki ƙarar cikin kwana biyu ko uku.